Bangon Anti Glenys

Akwai wani mutum, Emlyn, da ya koma ƙaramin garinsu a Wales, ƙasar Birtaniya, don ya sayar da gidan mahaifiyarsa bayan rasuwarta. Tsohon gidan dutse ne, ɗan ƙarami, cikin jerin da aka gina wa mahaƙan kwal, kowane gida bangonsa haɗe da na maƙwabci.

Bayan bangon falon akwai Anti Glenys, tsohuwa mai zaman kaɗaici. Kullum da safe takan bugi bangon da sandarta, mahaifiyar Emlyn ta amsa. Haka suke sanin kowacce ta kwana lafiya.

Ko bayan jana'iza ba ta daina ba.

Rannan Emlyn ya same ta a bakin ƙofa.

"Anti, ke kika kore min masu saye jiya da bugun nan naki. Sun ce bangon kamar kwali."

"Kai, Emlyn! Ta kwalin nan na sha jin kukanka kana jariri, ban kai ƙara ba. Amsawa kawai za ka yi, ba shayi na ce ka dafa min ba."

"Mama ta tafi, Anti. Ki bari."

Ta ce, "To, na bari."

Ta kuwa bari.

Wata Asabar ana yayyafi, wasu miji da mata suka zo ganin gidan, ya kuma kwanta musu a rai. Suna tsaye a falo sai aka ji bugu, a hankali, daga can ƙasa kusa da daɓe.

"Mene ne wannan?" in ji matar.

Emlyn ya san ba nan sandar take sauka ba. Ya yi murmushi. "Tsofaffin bututun ruwa ne. Ku zo ku ga ɗakunan sama."

Da suka sauko, bugun ya tsaya.

Sai washegari maƙwabta suka ga kwalbar madarar da ake kawo wa Anti Glenys kullum da safe har rana tana bakin ƙofarta ba ta ɗauka ba, suka ɓalle ƙofar. Faɗuwa ta yi, ƙugunta ya karye, ta ja jiki zuwa bangon. Ba ta fito daga asibiti da rai ba.

Danginta suka kafa allon sayarwa kusa da nasa. Miji da matar nan gidanta suka saya. Na Emlyn yana nan a rufe, kuma ba mai amsa gaisuwarsa a layin.

Darasi: Kada neman riba ya toshe maka kunne ga maƙwabcinka. Wata rana kiran da ka ƙi amsawa shi ne na ƙarshe. Ku tura wa wasu, musamman masu tsoho a kusa da su.