Sa Hannun Gwani

A wata rumfar gyaran ƙananan jiragen sama akwai injiniyan da kowa ke kira Gwani. Shekara ashirin da bakwai yana aikin, kuma ba mai musun kyan hannunsa. Aibinsa ɗaya ne, ba ya son a bi bayan aikinsa. Wanda ya ce masa ya sake dubawa kamar ya zagi ubansa ne.

Da doka ta zo cewa dole a saka wa kowane ƙaramin jirgi na'urar da ke shelanta inda yake a sama, don masu kula da zirga-zirga su riƙa ganinsa a allonsu, Gwani aka ba aikin. Ƙa'ida ita ce a ɗaura na'urar, a gwada ta a ƙasa, a tashi da jirgin a zagaya fili, sannan a sa hannu a takardar shaida.

Jirgi na tara shi ne wanda ƙanensa Auta ke tuƙawa, yana kai magunguna asibitocin ƙauye. Gwani na gamawa sai abokiyar aikinsa, mai duba ayyuka, ta turo akwatin gwaji. Ta ce ta ga kamar wayar eriya ba ta zauna daidai ba.

"Takwas na ɗaura, wanne ya yi tari?" in ji Gwani. "Ina wannan aiki kina rarrafe."

Ta ce to ita ba za ta sa hannu ba. Da yake shi ma yana da lasisi, sai ya fizgi takardar ya sa nasa. Auta na gefe yana dariya, ya ce in dai Yaya ne ya ɗaura, ko baro ne zai tashi da shi.

Washegari da safe Auta ya tashi. Bayan minti ashirin girgizar inji ta kwance wayar, jirgin ya ɓace daga allo. Hadari ya tilasta masa kauce wa hanya, can kuma inji ya mutu, jirgin ya faɗo cikin daji. Masu ceto suka yi ta nema a inda aka yi masa ganin ƙarshe.

A rana ta huɗu makiyaya suka same shi, kilomita saba'in daga wurin. Ya ɗaure karyayyiyar ƙafarsa da rigarsa, ya ja jiki zuwa inuwar fiffike. Likita ya ce bai fi yini ɗaya da cikawa ba.

Masu bincike suka tarar da wayar tana reto, ga sa hannun Gwani a takarda. Aka ƙwace lasisinsa. Ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsu. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai tambaye shi ko gaskiya ne ɗanta ya kwana uku da rai yana jira. Ya ce gaskiya ne.

"Ni na haife ka, ba ni da yadda zan yi da kai," in ji ta. "Tashi ka je ka faɗa wa 'ya'yansa da bakinka."

Sau uku yana zuwa ƙofar gidan Auta yana juyowa. Har yau bai shiga ba.

Darasin da ke nan shi ne, gwaninta ba ta hana kuskure, girman kai ne ke hana a gano shi. Duk wanda ran wani ke rataye a aikinsa, ya bari a duba masa, ko da mai dubawar bai kai shi shekaru ba. Sa hannu shaida ce, kada ka shaidi abin da ba ka gwada ba.