Cikin Lantana 'Yar Gada

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari na dabbobi akwai wata Gada, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya guda, Lantana. Sana'ar Gada tuyar ƙosai, Lantana ce mai talla. Kullum uwar takan ɗora mata faranti ta ce kada ta dawo sai ya ƙare. Inda za a je da inda ba za a je ba kuwa, ba ta taɓa faɗa ba.

A bakin kasuwa Gizo yake da rumfar saƙa. Dattijo ne na gaban taro, rawaninsa ya fi jikinsa girma. Ran nan ya kira Lantana ya saye ƙosan duka, ya ce ta zauna ta huta tunda ba sauran yawo. Gobe ma haka, jibi ma haka. Masu rumfunan kusa suna gani, suna ƙifta wa juna ido. Uwar ta ga faranti yana dawowa wayam tun hantsi, sai ta ƙara yawan ƙullu.

Gizo ya ce wa Lantana aurenta zai yi. Ita kuwa ba wanda ya taɓa ce mata zauna ki huta, sai ta yarda. Ta tambaye shi yaushe zai turo magabatansa, ya ce bayan damina. Damina ta wuce, ya ce bayan girbi. Aka yi girbi, ya ce ƙafarsa ke ciwo. Ta ce wacce daga ciki? Ya ce bi da bi suke yi.

Ana haka ciki ya fito. Lantana ta je rumfa ta gaya masa. Bai ko ɗaga kai daga saƙarsa ba, ya ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?"

Uwarta ta yi kuka, ta ce an zubar mata da mutunci, ta ɗaure wa Lantana kayanta a tsumma ta nuna mata ƙofa. Lantana ta je gidan kawunta Gwanki. Ya ce yana da 'yan mata a gida waɗanda ba su yi aure ba, ya rufe ƙyaure. Ta je wurin Zabuwa, ƙawar uwarta. Zabuwa ta shimfiɗa mata tabarma, ta ji labarin daga tushe har ganye, sannan ta ce ba ta da ɗaki. Kafin Lantana ta fita daga lungun, gari duka ya ji. Na uku ta je wurin Iya Kunkuru unguwarzoma, tana jiran tambayoyi. Iya ta dube ta ta ce, "Kin ci abinci?"

Aka yi taro a gaban Giwa mai gari. Gizo ya fi kowa doguwar magana a kan lalacewar tarbiyya, ya ce a kori Lantana kafin ta ɓata sauran yara. Giwa ta tambayi Lantana wane ne mai cikin. Ta ce Gizo ne. Aka yi dariya, aka ce ga abin kunya ga kuma ƙazafi ga dattijo. Masu rumfuna suka dubi ƙasa. Iya Kunkuru ta roƙi a bari sai an haihu, Giwa ta yarda.

Wata ya cika, Lantana ta haifi namiji. Kan Gada, idon Gada, ƙafa takwas. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta yi kukanta, sannan ta ba shi nono.

Iya ta goya jariri, Lantana na biye da ita, suka isa taro bayan kowa ya gaji da jira. Iya ta kwantar da shi a gaban Gizo ta ce, "Malam, idona ya yi rauni. Kai da ka saba ƙirga zare, ƙirga mana ƙafafun nan."

Gizo ya ce huɗu ne. Iya ta ce ya duba ɗaya gefen. Ya ce nan ma huɗu ne, ai magana ɗaya ce. Giwa ta ce ya haɗa. Ya ce shi masaƙi ne, ba mai lissafi ba. Sai jariri ya yi atishawa, ya saki zare, ya hau shi har saman rawanin Gizo, ya kwanta ya yi barci.

Nan take masu rumfuna suka ce ai su dama sun sani. Lantana ta ce, "Da aka yi mini dariya, kuna ina?"  Gada ta taso ta ɗauko jikanta, ta ce wa 'yarta su tafi gida, laifin ba nata ba ne ita kaɗai.

Giwa ta yanke cewa cin yaron da suturarsa suna kan Gizo, ta kuma tambayi Lantana ko har yanzu tana son auren. Lantana ta ce ta gode, ta ƙoshi. Gizo ya ce zai je ya ɗauko hatsi. Ya shiga wani ɗaki, ya hau kusurwar rufi ya laɓe. Har yau yana can, shi ya sa duk macen da ta hango shi sai ta ɗauko tsintsiya.

To kun ji. Abin da mutum biyu suka yi, ba a ɗora wa ɗaya a bar ɗaya da rawaninsa. Wanda ya gani ya yi shiru ma yana da nasa kason. Ku kuma 'yan mata, mai sonku da gaske ta ƙofar gida yake zuwa, da magabatansa.

Ƙungurus kan kusu, tawa ta tsaya nan.