Baƙuwar Kaza a Gindin Rumbu

Akwai wani mutum, manomi, wanda ya je kasuwa ya sayo kaji biyu, fara da baƙa, domin ya ƙara a kan waɗanda yake da su. Da ya iso gida sai ya yi yadda kowa yake yi da baƙuwar kaza. Ya yagi tsumma ya ɗaure ƙafar kowacce a gindin rumbu, don kada su kama hanyar tsohon gidansu kafin su saba.

Mutumin nan ba mugu ba ne, sai dai akwai gaggawa. Kowace safiya yakan watsa tsaba a tsakar gida, ya saɓi fartanya ya wuce gona, ko waiwaye babu. Da ya ba da baya sai kajin gida su taru su cinye tsabar kakaf. In baƙin suka miƙa wuya, a caccake su. Ga yunwa, ga sara, ga ƙafa a ɗaure, ba halin gudu.

Bayan 'yan kwanaki ya ce ai yanzu sun saba, ya kwance su. Farar ba ta tsaya wata-wata ba, ta bi ta ƙarƙashin danga ta shiga daji. Washegari gashinta kawai aka tarar a bakin rafi. Baƙar kuwa ta shige can ƙarƙashin rumbu, ta ƙi fitowa.

Ran mutumin ya ɓaci. Ya ce wa matarsa, "Kajin nan ba su da godiya. Kullum sai na zuba musu tsaba. Kamo mini wannan in yanka, kafin ita ma ta gudu."

Matar ta durƙusa ta jawo kazar. Da ta riƙe ta ta ji jikinta, sai ta miƙa masa.

"Maigida, taɓa ƙirjinta ka ji. Ka zuba tsaba kam, amma ka taɓa tsayawa ka ga wa ya ci?"

Ya taɓa, ya ji ƙashi zalla. Ya duba kanta, duk an fige gashin, ga jini ya bushe. Tausayi ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi.

Daga ranar ya daina saurin fita. Yakan zuba mata nata a gefe, ya ajiye kaskon ruwa, ya zauna a kan turmi da 'yar sanda yana korar masu sara har ta ƙoshi. Gona ta ɗan jira shi, ba ta kuwa lalace ba. A hankali gashinta ya tsiro. Wata rana da yamma ya ga ta bi sauran kaji ta shiga akurki da kanta.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Gidan shi ne ikilisiya. Baƙin kajin su ne waɗanda Ubangiji yake kawo mana: sabon tuba, amaryar da aka kawo daga wani gari, iyalin da rikici ya koro. Mun iya ɗaure su da dokoki tun ranar farko. Mun iya watsa musu wa'azi daga bagade mu tashi. Kajin gida kuwa, kada mu duba nesa, mu ne. Wannan ya ce wurin zamansa ne, waccan ta harari zanen baƙuwa, a zumuntar mata a yi ta magana da yaren da ba ta ji. In suka daina zuwa sai mu ce dama ba da gaske suka tuba ba.

Abin yana ba ni baƙin ciki, gama na san waɗanda suka fita haka, ba su kuwa sami wani gida ba. Amma akwai waɗanda suke nan har yanzu, a bencin baya, suna fita kafin a gama addu'ar ƙarshe don kada kowa ya ga ba mai gaishe su. Yau in an tashi, kada ka yi saurin tafiya gida. Ka riga su isa bakin ƙofa.