Ranar da Ilu Ya Kashe Inji a Bakin Dam

An yi wani bawan Allah a shekarun baya, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, ana ce masa Ilu. Sana'arsa tuƙa motar haƙa, irin mai dogon hannun nan da za ta tsaya can kan tudu ta miƙa ta kwaso laka daga tsakiyar ruwa. An kawo shi ne ya yashe dam ɗin garin, don laka ta cike shi, masu noman rani sun rasa ruwa.

To, ku saurara. Wata rana da hantsi, san huɗar wani dattijo, Baba Tanimu, ya gangara shan ruwa ya kafe a laka. Tsoho ya bi shi don ya ɗaga masa kai, shi ma ya nutse har ƙirji. Kafin ka ce me, gari ya cika gaɓar dam, kowa ya zama injiniya.

"Ilu, matso da motar bakin gaɓa! Zura bokitin ka kwaso su!"

Ilu ya dubi gaɓar, ƙasa ce jiƙaƙƙiya, ga mutane cunkus daidai inda hannun motar zai wuce. Sai ya sauke bokiti ƙasa, ya kashe inji.

Jama'a, ya kashe inji! Tsoho na nutsewa, shi ya kashe inji.

"Ku ja baya tukuna," in ji shi. "Ba na juya ƙarfen nan a kan mutum."

Ba irin zagin da bai sha ba. Ɗan tsohon ya ci kwalarsa yana kuka, "Kashe min uba za ka yi?"

Ilu shi ma yana ganin lakar tana hawa. Amma bai rama ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, in na matso, nauyin motar zai zabtar da gaɓar nan a kan Baba. Dogon hannun nan don haka aka yi shi. Taimake ni ka kore su."

Da ƙyar aka janye mutane. Sannan ya tada inji daga inda yake, ya miƙa hannun a hankali, yana kwasar laka daga gefe, nesa da tsohon, bokiti bayan bokiti, har ya yi mata hanyar zurarewa. Laka ta sauka zuwa ƙugu, ta sauka zuwa gwiwa. Aka jefa igiya aka jawo Baba Tanimu, san kuma ya yunƙura ya fito yana makyarkyata.

Ana cikin hamdala sai gaɓar da aka ce ya hau ta zabtaro, rim, ba kowa a kanta. Ɗan tsohon ya durƙusa a gaban Ilu. Ilu ya ce, "Tashi, kai Baba gida ya sha ruwan zafi."

'Yan'uwa, darasin a fili yake: haƙuri shi ne ka tsaya kan daidai lokacin da kowa ke maka ihu. Kai direba, ke mai ba da magani, kai mai aikin gini, ranar da aka taru a kanka ana "yi sauri, yi sauri", ka tuna ran mutum ne a hannunka. Zagi zai wuce, amma wanda ka danne da gaggawa ba zai dawo ba. Allah Ya ba mu nutsuwa a inda ake ruɗewa.