Allurar da Ta Ɓace a Ɗakin Tela

Akwai wata mata tela da take ɗinki a cikin ɗakinta, tana kuma da jariri wanda ya fara rarrafe. Ƙafarta na kan keke, ido ɗaya a kan yadi, ɗaya a kan yaro. A bayan katangarta akwai wata tsohuwa da takan leƙo ta ce, "'Yata, kawo shi in riƙe miki." Ita kuwa sai ta ce, "Na gode, Inna, ba ya damuna." Alhali yana damunta ƙwarai. Tsoro take kada a ce ɗa guda ya gagare ta.

Wata ranar Jumma'a, rigunan zumuntar matan coci na jiranta, ga Lahadi ta ƙarato. Ta miƙa hannu za ta ɗauki allurar sa maɓalli, babu allura. Ta dubi ƙasa, sai ga yaron zaune cikin ƙyallaye yana mamular wani abu, yana ƙoƙarin haɗiyewa. Ta ƙwalla ihu, "Inna! Allura a bakinsa!"

Tsohuwar ta shigo a guje, ko takalmi babu. Ta buɗe bakin yaron a hankali, ta zaro ɗan ƙyallen atamfa jiƙe da yawu.

"To, allurar fa?" in ji uwar.

Tsohuwar ta dube ta, ta yi dariya. "Ga ta nan a wuyan rigarki."

Ashe ita ta soke ta a can sa'ad da ta tashi ba shi nono, gajiya ta sa ta manta. Ta zauna daɓas, tana kuka tana gode wa Allah. Ta ce, "Inna, gobe zan kawo miki shi."

"Me ya sa sai gobe?" in ji tsohuwar. Ta ɗauke shi ta goya.

Ma'anar wannan misali ita ce, ɗinkin kyautar Allah ne, yaron ma kyautar Allah ne, amma hannu biyu kaɗai ya ba uwar. Sauran hannuwan ya ajiye mata a bayan katanga, girman kai ne ya hana ta karɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku da kuke aiki a gida da goyo, neman taimako ba kasawa ba ce. Kada ku jira sai allura ta ɓace kafin ku ce, "Inna, karɓe shi."