Layi Tara a Littafin Anti Sauro

Ƙawata, ajiye abin da ke hannunki ki ɗan saurare ni. Ku ma 'yan uwa na wannan shafi, ku matso.

Akwai wata mata da ke aiki a wata cibiyar binciken kimiyya, a sashen da ake nazarin sauro. Shekararta ashirin da biyu a wurin, har sunanta ya ɓace, kowa Anti Sauro yake ce mata.

Ɗakin aikinta ba taga. Zafi ne da gumi a ciki, don haka sauro yake so. Kejoji ne a jere lulluɓe da raga, kowanne da 'yar auduga jiƙe da ruwan sukari a kansa. Aikinta ta zuba sauro ashirin da biyar cikin kwalba mai magani, washegari ta ƙirga nawa suka mutu, ta rubuta a wani ƙaton littafi mai baƙin bango. Da lambobin nan ake gane ko maganin feshi yana ci, ko sauro ya saba da shi.

An san ta da amana. Shugaban sashe, da suke kira Oga, yakan ce in Anti ta rubuta lamba shi ba ya waiwaya. Duk sanda ya faɗi haka, sai ta ji kamar an ɗora mata dutse a ƙirji.

Ga dalili. Shekara bakwai da suka wuce maigidanta ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Ta riga ta cinye hutunta na shekara. Kwana tara tana zuwa ta sa hannu, ta sulale asibiti, ko sauro ɗaya ba ta ƙirga ba. Da ta dawo ta ga layi tara babu komai, sai tsoro ya kama ta. Ta juya shafin baya, ta kwafe lambobin kwana taran da suka gabata, yadda suke, ɗaya bayan ɗaya.

Ba wanda ya gani sai Allah. Tun ranar ba ta ƙara buɗe shafin ba.

Sai ga shi bana cibiya ta ɗauko wata malama ta koya wa ma'aikata rubuta wa kwamfuta umarni, ta riƙa yi musu lissafi da zane. Malamar yarinya ce, ba ta girmi 'yar Anti ta fari ba. Ranar farko ta ce, "Ni kamar tela nake, sai na auna mutum nake ɗinka masa. Ba zan koyar da kowa da misalin wani ba. Kowa ya kawo littafin aikinsa, da shi zai koya."

Haka Anti ta kwashe mako guda tana shigar da littafinta da yatsa biyu.

Kusa da ita akwai Dogo, mai zuwa unguwanni kamo sauro. "Anti, danna da ƙarfi mana," ya ce. "Wannan ba ta cizo, 'ya'yanki na keji ne ke cizo."

"Kai dai Dogo, da tsawo ake koyo, da ka gama tun shekaranjiya."

Har ta fara jin daɗin abin. Lissafin da ke cin mata yini, ta rubuta layi biyu ta danna, ga shi kafin ta ƙifta ido.

Ranar Laraba kafin a tashi hutun rana, Malama ta ce, "Gobe za mu rubuta ɗan umarni mai zaƙulo duk inda lambobi suka maimaita kansu a jere, don hannu kan yi kuskure wajen kwafa. Kowa zai haska nasa a bango, mu duba tare. Oga ma zai zo."

Anti ta ji ɗakin ya matse. Ta ce ko gobe ta kwanta ciwo? Ai aikin kowa yana hannun Malama, ko ba ta nan za a haska. Ko ta ɓatar da littafin? Ai da hannunta ta riga ta shigar da shi. Duk ƙofar da ta taɓa, a kulle.

Kowa ya fita cin abinci, ya bar ta ita kaɗai da ƙarar fanka. Ta gangaro a kwamfuta har kan layin taran nan. Sai Shaiɗan ya raɗa mata: mene ne a ciki? Mai da ashirin da uku ashirin da biyu, mai da ashirin da huɗu ashirin da ɗaya. Dannawa tara, shi ke nan, har abada.

Ta canza na farko. Ta canza na biyu.

A na uku yatsanta ya tsaya. Wancan karon mijinta na kwance ba ya gane kowa. Yau fa, wa ke kwance? Tana cikin haka aka kira azahar. Ta mayar da lambobin biyu yadda suke, ta je ta yi alwala. Ta daɗe a sujada.

Da ta fito ta sami Malama a baranda. "'Yata, ina da magana." Ta faɗa mata komai, idonta a ƙasa.

Malama ta ce, "Anti, kin san yadda muke yi da ranar da ba a auna komai ba? Barin gurbin muke fanko. Kwamfuta ta iya tsallake fanko. Lambar ƙarya ce ba ta iya tsallakewa, haɗiye ta take, ta haifo wata."

"To ki goge mini, don Allah."

"In na goge a ɓoye, mun zama mu biyu ke nan. Ba zan kai ƙararki ba. Amma in za ki je wajen Oga, ƙafata ƙafarki."

Matakala goma sha biyu ce zuwa ofishinsa. Anti ta ce ba ta taɓa hawan mai tsawonta ba.

Oga ya saurara har ta gama. Ya cire tabarau. "Ke, Anti? Da Dogo ne da ban yi mamaki ba." Ya tambayi kwanan watan, ya jawo wani tsohon fayil, ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, muryarsa ta sauya.

"Kin san sauron ina ne a kwalabenki kwana taran nan? Na unguwar bakin rafi. Shekara bakwai matan unguwar suna cewa feshi ba ya musu aiki, yaransu ba sa rabuwa da zazzaɓi. Ni kuma ina ce musu littafi ya ce yana yi."

Duk shekarun nan aikinta take wa tsoro, ba ta taɓa tunanin akwai 'ya'yan wasu a bayan lambobin ba. Ta yi kuka, ba irin na neman a tausaya ba.

"Oga, ko korata za ka yi, ina roƙon abu ɗaya. A sake kamo sauron unguwar, ni zan ƙirga."

Washegari da aka zo kanta, ta miƙe a gaban kowa ta haska aikinta a bango. Layi tara fari fat. "Waɗannan ban ƙirga ba," ta ce. "Na rubuta ne kawai."

Ba a kore ta ba, amma ba a shafa mata kai ba: takardar gargaɗi, da dakatarwa ta mako biyu. Kafin ta tafi Dogo ya kamo sauron, ta zuba ashirin da biyar, ta ƙirga sau uku. Tara kaɗai suka mutu. Oga ya gyara rahotonsa, ya rubuta a canza wa unguwar magani.

Safiyar farko ta zaman gida ta faɗa wa maigidanta tana ba shi shayi. Da harshensa mai nauyi ya ce, "Saboda ni?"

"A'a, Malam. Saboda tsoro."

Da ta koma, ta tarar Oga ya kafa doka: ranar da mutum bai auna ba, ya bar fanko ya rubuta dalili, ba mai cin mutuncinsa. Duba lambobin sashen gaba ɗaya kuwa, da umarnin nan na Malama, ita ya damƙa wa.

Ba ta gama zama ba sai ga Dogo, littafi a hammata, yana sosa ƙeya. "Anti, wai yaya ake barin fankon nan? Ina da wasu 'yan kwana uku da babur ya lalace."

Ta jawo masa kujera. "Zauna, ɗana. Ba ta cizo."

Darasi: Abin da ba ki yi ba, kada ki rubuta kin yi. Gurbi fanko ana iya cike shi, amma ƙarya wasu bayin Allah ne ke ɗaukar nauyinta ba ki sani ba. Ku tura wa 'yan uwa su amfana. Ke kuma ƙawata, na san kin gane ko wace ce. Don girman Allah, kada ki faɗa wa kowa.