Akawal Da Zubkar Leda

Akwai wani mutum a Nasarawa Burkullu mai suna Maharazu, wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona, ya bar masa doki guda. Dokin baƙi ne wuluk, shi ya sa kowa ke kiransa Akawal. Idan damina ta yi nisa hanya ta lalace, babura suka kwanta a laka, Akawal ne ke kai Maharazu Bukkuyum ya dawo da shi.

Tun zamanin mahaifin, mutum ɗaya ke kula da kayan dokin, wato Baba Malami baduku. Shi ke ɗinka zubka, matashin nan da ake ɗorawa a bayan doki kafin a aza sirdi. Da saƙi yake ɗinka ta, ya cusa audugar rimi a ciki, don ta sha gumi kuma ta bi siffar bayan dabba.

Ƙa'idarsa ba ta da yawa. In an sauke sirdi a shanya zubka a inuwa, a kaɗe ta da sanda, sannan mai doki ya shafa bayan dokinsa da tafin hannu ya ji ko akwai zafi ko kumburi. Duk shekara kuma a kawo masa ita ya farke ya warware audugar, domin tana dunƙulewa.

A ranin shekarar 2008 Maharazu ya bi samari wajen haƙar zinariya ta can yankin Anka, kuma Allah ya ba shi sa'a. Ya dawo da agogo da rediyo da sabuwar tafiya. Ni dai ban ga laifin mutum ya samu ba, amma akwai wanda in aljihunsa ya cika kunnensa toshewa yake yi, kuma Maharazu na cikinsu.

Da ya ga zubkar Akawal ta tsufa, sai ya kai wa Baba Malami ya jefa masa ita a kan tabarma. Tsohon ya matsa ta da yatsa ya ce, "Aje ta nan kwana ukku, ɗana. Kuma ka kawo man dokin in shafa bayan shi, don ba a ɗunka zubka da ka."

Maharazu ya yi dariya ya ce, "Baba, wanga aikin naku ya tsuhwa. Kwana ukku don tsumma guda?" Ya juya ya tafi, ko sallama bai yi ba.

Ranar kasuwar Gummi ya samu wani mai ɗinka rigar kujerar babur. Kafin a kira la'asar mutumin ya yanko soso, ya lulluɓe shi da jar leda mai sheƙi, ya yi masa zubka har da geza. Gaskiya ta yi kyau a ido, duk inda Maharazu ya bi sai an juyo an kalla.

To, leda ba ta shan gumi. Gumin yana taruwa a ƙarƙashi, zubkar tana santsi, sirdi yana zamewa gaba. Da Maharazu ya ga haka sai ya riƙa ƙara ɗaure majayi, wato ɗamarar sirdi, har dokin ya yi nishi. Kuma saboda yabon da ake yi, ya daina sauke sirdin da rana. Sai ya ɗaure Akawal a gindin bishiya tun hantsi har yamma da kayansa a baya, don masu wucewa su gani. Shafa baya da tafin hannu kuwa ya zama aikin ƙauyawa a wurinsa.

Ba a yi wata biyu ba Akawal ya fara noƙewa in ya ga sirdi. Maharazu ya ce taurin kai ne, ya sa masa bulala. Wannan wurin shi ya fi ba ni haushi a labarin nan, domin dabba ba ta da baki, noƙewar nan ita ce maganarta.

Mahaifiyarsa, Inna Sahura, ita ta fara ganewa. Ta tsaya a bakin turke da ƙwaryar dusa ta ce, "Maharazu, mi ka wari ga dokin ga? Ƙudan da ka bin shi sun hi na mahauta."

Ya ɗaga ledar. A gindin wuya, inda ƙashin baya ya taso, gashi ya zube, fata ta kwaile, ga miki kamar bakin ludayi.

Inna ta ce ya tafi wurin Baba Malami a ranar. Amma Maharazu ya tuna abin da ya faɗa wa tsohon, kunya ta hana shi. Sai ya samo baƙin man inji wurin mai niƙa ya shafe ciwon, ya ce zai bushe. Bayan kwana huɗu wani abokinsa ya yi aure a Bukkuyum, kuma ya riga ya yi alkawarin zuwa a kan doki. Ya mayar da ledar a kan mikin ya ɗaure, ya hau ya je ya dawo.

Da ya sauke sirdi a wannan karon, fata ta biyo ledar.

Sai da tsutsa ta shiga ciwon sannan ya sunkuyar da kai ya je wurin tsohon. Baba Malami bai tuna masa da komai ba. Ya ɗauki sandarsa da 'yar jakarsa ya biyo shi a ƙafa. Ya wanke mikin da ruwan ɗumi da gishiri, ya tsince tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya, ya barbaɗa garin bagaruwa. Haka ya riƙa zuwa safe da yamma, da ruwa da laka, har kwana arba'in.

Sama-sama ciwon yakan yi kamar ya kame, sai ya sake fashewa ta wani gefen. Akawal ya kai ba ya iya sauke wuya ya ci harawa, sai an ɗaga masa a faranti. Haƙarƙarinsa suka fito ana ƙirgawa. Maharazu ya sayar da rediyon ya sayo allurai, ya kira mai duba dabbobi daga Anka, duk ba ta sake zane ba.

Wata safiya Baba Malami ya daɗe yana duba bayan dokin, sannan ya wanke hannu ya ce, "Ɗana, ba ni yi maka ƙarya. Ciwon ga ya kai ga ƙashi. Yanzu wahala ɗai muka ƙara mai."

Maharazu ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar ranar da aka binne mahaifinsa.

A Gummi akwai masu sayen dawakin da suka gama aiki, su loda su a babbar mota zuwa kudu, kuma kowa ya san ba hawa za a je a yi ba. Can Maharazu ya ja Akawal a ƙafa, suna tafiya suna hutawa. Aka yi ciniki, masu lodi suka kama igiya suka ja, dokin ya kafe a bakin katakon hawa. Suka tura, suka daka, ya ƙi motsi.

Direban ya gaji ya ce, "Mai doki, zo ka hau da shi. Kai ya sani."

Maharazu ya karɓi igiyar ya taka katakon. Akawal ya bi bayansa a hankali har cikin motar, ba tare da an taɓa shi ba. Maharazu ya sauko shi kaɗai, aka rufe ƙofa.

Darasi: Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Kada sheƙin sabon abu ya sa ka raina wanda ya san aikinsa, kuma in ka yi kuskure kada kunya ta hana ka komawa tun ciwon yana a fata. Dabbar da ke hannunka amana ce, Allah zai tambaye ka. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda yau ya kamata ya ɗaga sirdi ya duba.